Turken Da Ba A Gani: Dabbobin Tatsuniya A Ƙasar Shanun Huɗa

Dabbar gida da ta fi kowace suna a ƙasar Hausa ba ta taɓa cin ƙwayar dawa ko guda ba, kuma babu ɓarawon da ya isa ya kore ta. Aku ne, wanda Alhaji Abubakar Imam ya ƙyanƙyashe da alƙalami a Zariya a shekarar 1936, lokacin da aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya je ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarƙashin Ofishin Talifi na Rupert East. Duk wanda ya yi firamare a Daudawa, ko Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara a zamanin da ake karanta littafin nan a aji, ya san labarin. Wani Balarabe ya kawo tsuntsun fadar Sarki Abdurrahman, ya sa masa kuɗi mai tsada, mutane suka ga abin kamar wasa, sai tsuntsun ya buɗe baki ya nuna ya fi kuɗinsa. Da sarki ya fita yaƙi, wannan aku ne ya riƙe ɗan sarki Musa a gida da labarai, dare bayan dare, har makircin waziri ya wargaje. Ladansa kuwa ba gyaɗa ba ce. Sarautar waziri aka ba shi.

Imam bai ƙirƙiri wannan tsari daga babu ba. Akun da ke tsare mutum a gida da hira tsohon abu ne a adabin Indiya, inda akwai littafin labarai 70 na aku, daga nan ya shiga Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, matar wani ɗan kasuwa aku yake hana fita wajen masoyinta. Abin da Imam ya yi shi ne ya cire tsuntsun daga ɗakin matar aure ya kai shi fada, ya ba shi muƙami, ya ɗora masa nauyin ƙasa. Wannan canjin shi ne abin lura. Bahaushe ba ya ƙaga dabba don ya rungume ta kawai. In ya ƙaga ta, aiki zai ba ta.

Babu inda za a fi gane dalilin haka kamar Daudawa. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Faskari, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, ƙasa mai ruwa da damshi wadda ta fi kama da ta Zazzau fiye da ta arewacin Katsina. Tun shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar irin auduga a nan, ana yawaita iri ana raba wa manoma, audugar kuma tana tafiya injin gurza a Funtuwa, ta hau jirgin ƙasa. A ƙarshen waɗannan shekarun ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu: a ba mutum bijimai biyu da garma bashi, su yi masa huɗa, su ba shi taki, in sun tsufa ya yi musu kiwo ya sayar. Daudawa na cikin wuraren da wannan tsari ya kafu sosai. Don haka yaron da ya tashi a yankin nan ya buɗe ido ne ya ga dabba abokiyar aiki ce. Sa yana jan garma da amalanke. Jaki yana kai taki gona. Akuya asusun mace ce, ranar da ciwo ko biki ya taso ita ake ja zuwa kasuwar Sheme. Kyanwa tana gadin rumbu, kare yana gadin gida ko ya bi maharbi daji. Ko tantabarun da samari ke kiwo don sha'awa, ƙarshenta dai ko kasuwa ko tukunya. Dabbar da za ta kwanta a kan katifa a yi mata wanka da sabulu, ta tashi ba ta tsinana komai ba, wannan sai gidajen birni.

Mutanen da rayuwarsu ke nan, in dare ya yi suka shimfiɗa tabarma aka ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba za su ƙaga wata halitta ta zaman banza ba.

Ɗauki labarin yarinya da kwaɗo, wanda yake cikin tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda malaman Hausa suka rubuta da ajami. Yarinya ce da kishiyar uwa ke gallaza wa. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, amma abin da ake ba ta shi ne ƙanzon tukunya. Sai ta riƙa kai ƙanzon nan bakin kududdufi tana zuba wa kwaɗi. Ranar kasuwar salla, wani babban kwaɗo ya fito ya amayo mata tufafi da kayan ado, ta je dandali, ɗan sarki ya gan ta. Masana na waje sun daɗe suna kwatanta labarin da na Sindarela, kuma kamar tana nan. Amma ni abin da ya fi ja mini hankali shi ne yadda hulɗar ta soma. Ba da sihiri ta soma ba. Da ciyarwa ta soma, kullum, a wuri ɗaya, da abin da mai bayarwar ma ba ta ƙoshi ba. Duk mai kiwo ya san ta nan ake sabo da dabba. Tsohuwar da ta fara tsara wannan labari ta san kiwo ciki da bai.

Haka labarin Takitse. Tsohuwa tana da ƙosasshen sa guda, shi ne duk abin da ta mallaka. Labari ya kai kunnen sarki, aka zo aka ja shi aka yanka, aka sallame ta da kayan ciki. Ta kai ɗaki ta adana, sai kayan cikin suka rikiɗe suka zama 'yan mata, kyakkyawarsu ita ce wadda ta fito daga kitse, wadda ba ta son rana ba ta son wuta. Yara suna jin labarin ne don su ji yadda kishiyoyi suka sa ta narke. Babban mutum kuwa, musamman mutumin Faskari na yau, farkon labarin ne zai tsaya masa a rai: mai ƙarfi ya zo ya kwance wa talaka sansa, babu inda za a kai ƙara. Tatsuniyar ta ba tsohuwa diyyar da duniya ba ta bayarwa. Dabbar da aka ƙwace ta dawo mata a matsayin 'ya'ya masu share mata gida.

Kare ma yana da babinsa, duk da cewa a zahiri Bahaushe Musulmi ba ya bari ya kusanci ƙwaryar abincinsa ko buzun sallarsa. Akwai labarin da ake bayarwa iri-iri a faɗin Afirka ta Yamma: saurayi ko maharbi ya bar karnukansa a ɗaure a gida, mayya ko dodo ya rutsa shi a daji, ya haye bishiya, ana sararta, shi kuma yana kiran karnukan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya har suka tsinke igiya suka zo suka cece shi. Sunayen karnukan suna canzawa daga baki zuwa baki, amma kiran ba ya canzawa. Ƙasar da ake kiran mutum kare don a zage shi, ita ce kuma ƙasar da ta ajiye wa kare wannan matsayi a tatsuniya.

Sai doki. A farkon shekarun 1950 Malam Ahmadu Ingawa, shi ma mutumin ƙasar Katsina, ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne mai suna Iliya Muromets. Littafin ƙarami ne, amma ya bar wa Hausa abin da manyan littattafai da yawa ba su bari ba: sunan doki. Ƙwalele ya fita daga shafi ya shiga bakin mutane, har waɗanda ba su taɓa ganin bangon littafin ba suna cewa "Ƙwalele dokin Iliya" in suna nufin abin da sai dai a gani a haɗiye yawu. Wannan ita ce jarrabawar da kowace ƙagaggiyar dabba za ta ci kafin a ce ta zama ta gida, wato a riƙa ambatonta a kasuwa ba tare da an tuna daga littafi ta fito ba.

Amma gwanin gwanaye a wannan fage, a ganina, shi ne Zankallala, kuma abin takaici shi ne yaran yanzu da wuya su san shi. A. J. N. Tremearne ya kawo labarinsa a littafinsa na 1913 kan al'adu da camfe-camfen Hausawa. Ɗan mitsitsin abu ne, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Maciji ne sandarsa. Kunamu ne ƙaiminsa. Taron zuma ne malafarsa. Kurege ne dokinsa, tsuntsaye kuma suna bin sa suna yi masa kirari, suna damun duk wanda ya ja da shi. Wani yaro da Dodo ya biyo ya yi ta neman mafaka wajen manya masu ƙarfi, kowa ya ji sunan Dodo sai ya ce masa ya ƙara gaba, har ya iso wajen wannan ɗan tsurut. Dodo ya haɗiye Zankallala, ya fito. Ya sake haɗiye shi, ya sake fitowa. A ƙarshe ya fasa ƙoƙon kan Dodo ya fito ta nan, Dodo ya faɗi matacce. A lura da kayan hawansa. Duk abin da manomi ke tsoro a gona, maciji a cikin kunya, kunama a ƙarƙashin dami, zuma a kogon bishiya, shi ne wannan halitta ta hore ta mai da shi sutura. Ba a kiwon Zankallala. Shi ne makiyayin, kuma garkensa na masu dafi ne. In da wani mai zane a Tokiyo ne ya ƙago shi, da tuni an cika kasuwannin duniya da hulunansa.

Tsakanin duniyar tatsuniya da ta ido akwai wata gada guda, ita ce gardi da kurarsa. Mutanen kudancin Katsina ba sa bukatar a kwatanta musu. Ganga tana tashi, ga mutum sanye da warki da layu da kambuna, ƙafa duk akayau, yana jan kura da sarƙa, bakinta a takunkume, ga gwaggon biri an sa masa riga, ga mesa a wuyan wani. Ana wasa, ana sayar da magani, ana ɗora yaro a bayan kura don a cire masa tsoro. Sana'a ce ta gado, kuma ta yi tafiya mai nisa: a 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wani rukunin gardawa Hausawa yana ɗaukarsu, a 2007 ya fitar da littafin hotunan da ya zaga duniya. Turawa da yawa da suka ga hotunan sun ɗauka wata duniya ce ta almara, inda mutane ke yawo da kuraye kamar yadda su suke yawo da karnuka.

Ba haka ba ne, kuma Bahaushe ya fi kowa sani, shi ya sa ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kurar gardi kamammiya ce, ba dabbar gida ba. Daga rami aka zaro ta, yunwa da kulki da sabo ne suka kwantar da ita, kuma ranar da aka manta da takunkumi haƙoran da ke farfasa ƙashin sa suna nan yadda suke. Masana dabbobi suna bambanta hore dabba guda da mai da jinsi gaba ɗaya na gida. Na biyun aiki ne na zuriya bayan zuriya, ana zaɓen masu sanyin hali ana barin su su hayayyafa. Wani masani ɗan Rasha, Dimitiri Belyayef, ya soma gwada haka da yanyawar ƙasarsu a Saiberiya a 1959, kuma bayan 'yan zuriyoyi aka fara samun waɗanda ke kaɗa wutsiya in sun ga mutum. Dabbobin da ɗan Adam ya yi nasarar mayarwa na gida a duk tarihinsa ba su da yawa. A cikinsu jaki daga arewa maso gabashin Afirka ya fito, zabo kuma namu ne na Afirka ta Yamma. Ko shi zabon, har yau ƙafarsa ɗaya tana daji. Zabuwa ta fi son ta je ta yi ƙwai a cikin ciyawa, sai matan gida su bi sawu su kwaso su sa wa kaza ta kwanta a kai. Wanda ya yi fama da zabi ya san dalilin da ya sa mutane suke mafarkin dabbar da za ta ji magana.

Shi kansa akun gaske ba ɗan ƙasar Katsina ba ne. Mai toka-toka da jar wutsiya, wanda ya iya kwaikwayon magana, daga kurmin kudu fatake suke kawo shi. Namu na nan tsirya ce. Kamun da aka yi wa akun kurmi ya yi yawan da a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wato waziri na takarda yana nan daram, danginsa na daji ne ke ƙarewa.

A yau ƙagaggun dabbobi suna shigowa yankin Daudawa ta wata ƙofa dabam. Rumfar mai cajin waya ita ce sabuwar tabarmar tatsuniya: a kai waya ko memori, a biya 'yan kuɗi, a turo fina-finai, wasu ma an juya su zuwa Hausa a Kano. Ta irin wannan hanya yaran Arewa suka san halittun da aka ƙaga a wasu ƙasashe. Pokémon ya fito a Japan a 1996 da halittu 151, yanzu sun haura 1,000, kuma wanda ya ƙago shi, Satoshi Tajiri, yaro ne da ya tashi yana kamun ƙwari a bayan garin Tokiyo kafin gine-gine su cinye filayen. A wannan shekarar dai aka fitar da Tamagotchi, 'yar na'ura mai kamar ƙwai wadda za ka riƙa ciyar da abin da ke cikinta, in ka yi sakaci ya mutu. A 2010 kamfanin DreamWorks na Amurka ya fitar da fim ɗin yaron da ya hore wani dodo mai fukafukai mai feshin wuta, bayan kakanninsa sun shekara ɗaruruwa suna yaƙi da irinsa.

Ba na cikin masu cewa waɗannan abubuwa sun zo ne su lalata yara. Kowace al'umma tana ƙaga dabbar da ta rasa. Yaron da ke zaune a hawa na 20 a Tokiyo, inda ba a yarda ya ajiye ko kyanwa ba, shi aka yi wa dabbar aljihu. Abin da take ba shi shi ne abokin zama. Kuma in an duba da kyau, yaron fim ɗin nan na Amurka da kifi ya fara jawo dodonsa, kamar yadda yarinyarmu ta fara da ƙanzo. Bambancin yana wajen abin da ake nema daga dabbar. Can ana neman wanda zai ɗebe kewa. Nan ana neman wanda zai ɗauke nauyi, ya ba da shawara, ya zo da gudu in an kira.

Yanzu kuwa yankin ya shiga halin da ya sa wannan magana ta daina zama ta nishaɗi kawai. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da ke bakin dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna, kuma sama da shekara 10 ke nan satar shanu da garkuwa da mutane suna cin su. A Yunin 2020 aka kai mummunan hari Kadisau a Faskari. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi da wasu maƙwabtansu, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Manoma da yawa sun rabu da shanun huɗarsu, wasu an kore su da dare, wasu masu su ne suka sayar da hannunsu, don sa a turke ya zama abin da ke kiran ɓarawo gida. Da can ana cewa mai akuya ya yi tafiyar dare, bare mai kura. Yanzu mai akuya da mai kura duk sun daina.

Hirar dare ita ma ta ji jiki. Tatsuniya tana son tsakar gida, da farin wata, da kwanciyar hankali, da tsohuwar da ba a raba ta da jikokinta ba. Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko cikin Faskari, suka cunkushe a ɗakin haya ko ajin makaranta, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaron da aka haifa a cikin shekarun nan yana iya girma bai taɓa riƙe igiyar sa ba, bai kuma taɓa jin labarin Zankallala ba, alhali shi ne labarin da ya fi dacewa da shi, tunda labari ne na yaron da manya suka kasa karewa.

Marubutanmu ba su rasa gwaninta ba. Tun Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 tare da Ruwan Bagaja, Hausa take da adabin da ke kutsawa duniyar aljannu. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Masu littattafan yaƙi na Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun cika kasuwa da jarumai da matsafa da tsuntsayen hawa. Sai dai yawancin halittunsu daga Dare Dubu Da Ɗaya da fina-finan waje ake aro su, biranen ma sunayen Gabas ake ba su. Aro ba laifi ba ne, Imam da Ingawa ma aro suka yi. Amma su sun ciyar da abin da suka aro da tuwon gida har ya saba, ya zama in ya yi magana sai ka rantse a Katsina aka haife shi. Abin da ya rage shi ne a juyo a dubi na cikin gida: Botorami, Ƙoƙi, Gajimare mai zama a rijiya, karnukan da ke jin kira daga nisan kwana uku.

Kayan aikin suna nan. Tarin Edgar da na Tremearne da na takwaransu Rattray sun haura shekara 100 a ɗakunan karatu, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu tun shekarun 1970, kuma akwai sassan nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano. Ɗalibai 'yan asalin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin waɗannan sassa, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu, kuma kowace shekara sai an nemi su kawo kundin kammala digiri. Tsofaffin matan da suka tashi a ƙauyukan Daudawa kafin rediyo ta game gidaje, yanzu da yawansu suna zaune a Funtuwa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Zariya, a unguwannin da ɗalibi zai iya shiga da rana tsaka ba tare da rakiyar soja ba.